Tafiyata Damagaram: gidan da ake jinyar zuciyar yara

Wannan wata ba zancen taki ko rigakafin dabbobi na kawo muku ba. Labarin wata tafiya ce da na yi zuwa Damagaram bayan kaka. Mu uku muka tafi: ni, da wata tsohuwa ta garinmu, da jikanta. Ba zan faɗi sunansu ba, ba zan faɗi sunan garin ba. In kun karanta har ƙarshe za ku gane dalili.

Garinmu yana cikin ƙasar Kance. Kowa ya san ƙasarmu: mutane da yawa, gonaki ƙanana. A ƙidayar 2012 mun kusa kai mutum 400.000. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Akwai rake da rogo a fadama, amma ba kowa ke da fadama ba. Shi ya sa in rani ya yi, mata da yawa ke kwasar yara su nufi Aljeriya bara. Wadda ba ta da yara sai ta karɓi na wasu, da alkawarin za ta riƙa aiko wa iyaye kuɗi.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba. Mutum 92 ƙishirwa ta kashe cikin hamada, arewa da Arlit. 52 daga cikinsu yara ne, kuma yawancinsu mutanen ƙasarmu ne. Daga ƙarshen 2014 aka fara maido da mutanenmu daga Aljeriya cikin manyan motoci. A watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta kwaso sama da mutum 1.000 daga Dakar cikin jirgin sama, yawancinsu ƴan Kance da Magarya.

Yaron da nake zance yana cikin waɗanda aka maido daga Aljeriya. An tafi da shi yana da shekara 7, ya dawo yana da 9. Ya dawo da tabon duka a baya, don ranar da kuɗin bara bai cika ba, jikinsa ke biya. Ba ya magana. Yana fitsarin kwance. In an ba shi tuwo sai ya ɓoye rabi cikin riga. Yaran gari suna tsokanarsa, manya suna cewa iskoki ne.

Nan zan faɗi laifina. Wata huɗu yaron nan yana zuwa bakin rumfar karatunmu da dare, ya raɓe jikin dirka yana kallon allo. Na ga tabon. Na yi shiru. Na ce wa raina ba ɗana ba ne, kuma matar da ta tafi da shi ƴar dangin manyan gari ce. Sai ranar da kakarsa ta kawo mini wata takarda in karanta mata. Wani ma'aikacin kare yara ne ya zo gari ya bar ta. An rubuta ranar da za a kai yaron Damagaram. Ranar ta wuce da sati uku, don gidan babu wanda ya iya karatu. Kunya ta kama ni. Na ce mata: "Inna, shirya, gobe ni zan kai ku."

Da asuba muka hau moto zuwa Kance, muka shiga mota. Da direba ya tada mota, sai yaron ya kama rawar jiki. Kakarsa ta ce rabonsa da shiga mota tun ranar da aka maido shi. Ta rufe shi da gyalenta. A Takeita hanyarmu ta haɗu da babbar hanyar da ta fito daga Yamai da Maraɗi, muka miƙe gabas. Muka wuce Tirmini. Duk inda jandarmomi suka tsai da mu, sai ya cusa kansa cikin zanenta. Da hantsi muka fara hango manyan duwatsun Damagaram, wani bisa wani kamar an ɗora da hannu.

Damagaram babban gari ne. Ga Birni inda fadar sarki take, ga Zango unguwar fatake, ga kasuwar Dole. Nan ne babban birnin ƙasar Nijar har 1926, kafin Turawa su maida shi Yamai. Amma abin da na fara gani a tasha ba tarihi ba ne. Yara ne masu kwano a hannu, ba takalmi, suna bin fasinja. Na sha zuwa garin nan, ban taɓa ƙirga su ba. Ranar na ƙirga, har na gaji na bari.

Gidan da muka je ba wani babban gini ba ne. Ɗakuna ne kaɗan, da itacen dogon yaro a tsakar gida, da tabarma, da randar ruwa, da ƙwallo ɗaya da ta sha faci. Shugabar wurin wata dattijuwa ce, kowa Hajiya yake ce mata. Ta rusuna ta gaida tsohuwar, ta ce: "Inna, sannu da hanya. Kin yi ƙoƙari." Ba ta yi faɗan makara ba. Ba ta tambayi yaron kome ba, ruwa kaɗai ta ba shi. Sai ta kira wata ma'aikaciya, ta zauna da shi bisa tabarma, ta aje takarda da fensir mai launi a tsakaninsu.

Na ce: "Hajiya, ba za ku tambaye shi abin da aka yi masa ba?"

Ta ce: "Malam, wanda ya ƙone ba a ɓare masa ɓawon ciwo don a ga zurfinsa. Zai faɗa ranar da ya yarda da mu. Kuma mutum ɗaya zai faɗa wa, ba goma ba."

Kwana biyu muka yi a garin. Na zauna gefe na ga yadda take tafiyar da mutanenta. Ma'aikatanta ba su kai yatsun hannu biyu ba, moto biyu gare su. Ga abin da na gani.

Na farko, kowane yaro da ma'aikacinsa. Wanda ya tarbe shi ranar farko, shi zai raka shi gidan likita, shi zai raka shi wurin ƴan sanda ko alƙali, shi zai je garinsu. Hajiya ta ce yaron da manya suka ci amanarsa, in kullum sabuwar fuska yake gani, ba zai sake yarda da kowa ba.

Na biyu, kowace safiya suna zama kafin kowa ya fita. Hajiya tana kasa takardun yara kashi uku. Kashi na farko, yaron da har yanzu yana kwana gida ɗaya da mai cutarsa. Wannan yau za a je, ko da man moto na ƙarshe ne. Kashi na biyu, wanda ke jiran likita ko alƙali. Kashi na uku, wanda ya koma gida ana bin sawunsa. Ta ce mini wannan rabon shi ne abin da ya fi hana ta barci, don duk wanda ta ce a je wurinsa yau, akwai wani da ta ce ya jira gobe.

Na uku, akwai babban littafi. Ni malamin karatu ne, nan idona ya tsaya. Kowane yaro da shafinsa. An rubuta ranar da ya zo, abin da likita ya gani, ranar da aka ziyarce shi, da ranar da za a koma. A bayan takardunsa lamba ce, ba suna ba. Ana kulle su cikin akwatin ƙarfe, makulli yana wurin Hajiya. Duk ƙarshen sati tana bin shafi-shafi. In ta ga yaron da aka daɗe ba a leƙa ba, sai ta kira ma'aikacinsa ta ji dalili. Haka aka gano namu bai zo ba, har an sa shi cikin waɗanda za a bi gida.

Na huɗu, tana kiwon ma'aikatan kansu. Na ga wani saurayi ya dawo daga ƙauye da yamma, ya zauna bai ce kome ba. Hajiya ta ja shi ɗaki, suka daɗe. Daga baya ta ce mini: "Mai ɗaukar kukan yara kullum, in bai samu inda zai sauke ba, ko ya bar aikin, ko zuciyarsa ta bushe. Wanda zuciyarsa ta bushe ya fi wanda ya tafi haɗari." Shi ya sa ba ta tara wa mutum ɗaya manyan matsaloli. Ba ta aika ma'aikaci shi kaɗai gidan da ake jin tsoron faɗa. Kuma ta kafa musu doka: ba a kulle ƙofa da yaro, ba a kai yaro gidan ma'aikaci ya kwana. Ta ce wannan doka tana kare yaro, tana kare ma'aikaci.

Ba su kaɗai ke aikin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita yana duba jiki ya rubuta takardar shaida. Ƴan sanda da jandarmomi suna bincike. Akwai kuma alƙalin yara. Ƙasarmu ta kafa wannan kujera a 1999, aka sabunta dokar a 2014. Yana da ikon ɗauke yaro daga hannun mai cutarsa ya damƙa shi ga wani amintacce. A 2010 kuma an yi dokar hana fataucin mutane, kuma sa yaro bara don wani ya ci kuɗin yana cikin abin da ta hana.

Da tsohuwar ta ji zancen alƙali, sai hankalinta ya tashi. Ta ce: "Hajiya, ki rufa mana asiri. Gari ɗaya muke da matar nan. Da wane ido zan dubi danginta?"

Amsar Hajiya ita ce abin da na ɗauko daga Damagaram. Ta ce: "Inna, rufin asiri iri biyu ne. Akwai na yaro, akwai na mai cutar yaro. Na jikanki, ni na ɗauka. Ba wanda zai ji daga bakinmu abin da aka yi masa. Amma in muka rufa wa matar nan, baɗi ɗan wa za ta ɗauka?"

Tsohuwar ta yi shiru. Ni ma na yi shiru. Don mu a gari mun juya abin. Asirin yaron mun baza shi a bakin rijiya da majalisa, har yara na yi masa waƙa. Asirin wadda ta cuce shi kuwa mun rufe da tabarmar kunya.

Na tambayi Hajiya yaushe suke cewa yaro ya warke. Ta ce ba su gaggawar rufe shafi. Suna duba ko yana cin abinci ba ɓoyo, ko yana barci ba firgita, ko yana wasa da ƴan uwansa, ko yana zuwa lakkol. Ta ce: "Mu ziyara muke kaiwa. Ku kuke kwana da shi. Warkewarsa tana hannunku."

To, ƴan uwa, ga abin da ta ce in kawo muku. In yaro ya faɗa maka an cuce shi, ka saurara, kada ka ce ƙarya yake. Kada ka doke shi don fitsarin kwance, tsoro ne ke fita. In akwai rauni, ko an taɓa yarinya, a kai ta gidan likita ranar, kada a wuce kwana uku, don akwai maganin kariya da ba ya aiki in an makara. A sanar da maigari da ma'aikatan kare yara, ko jandarmomi. Bayan haka a kama baki. Kuma kada ka ba da ɗanka a tafi da shi bara, kome kuɗin da aka yi maka alkawari.

Mun dawo gida ranar ta uku. Maganar matar tana hannun hukuma. Wasu a gari sun daina amsa gaisuwata. Wasu kuma sun zo da dare suna tambayata hanyar gidan Hajiya. Ma'aikaciyar ta zo sau biyu bisa moto. An sa yaron lakkol. Ba zan ce muku ya warke ba. Har yanzu yana firgita da dare, har yanzu maganarsa kaɗan ce. Amma ya bar jikin dirka. Yana zama bisa tabarma kusa da kakarsa, don ita ma ta shiga ajinmu. Ta ce ba za a sake kawo takarda gidanta ta yi sati uku ba a san abin da ke ciki ba.

Shekaran jiya na ba shi alli. Ya rubuta baƙin farko na sunansa, ya goge, ya sake rubutawa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.

Daga malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Kance