Taurari a Saman Zongo Lane

Duk wanda ya taɓa ratsa Zongo Lane da rana, kusa da kasuwar Makola a tsakiyar birnin Akara, ya san ba wurin ɗaga kai sama ba ne. Ga masu sayar da kayan lantarki, ga 'yan dako, ga cunkoso. Hankalin mutum na kan aljihunsa. Amma wani dare cikin watan Nuwamba aka ɗauke wuta muna zaune a ƙofar shago bayan lisha, sai sama ta buɗe. Wani dattijo ya nuna tarin ƙananan taurari ta gabas, ya ce: "'Ya'yana, mene ne sunan wancan?" Muka yi tsit. "Kaza ce da 'ya'yanta," in ji shi. Kunya ta kama mu.

Ai sunan unguwar ma na matafiya ne, domin zango shi ne inda ayari yake sauke kaya. Fatake sun daɗe suna zuwa sayen goro a Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar a 1892, da yawa suka gangaro Kumasi da Kete-Krachi da Akara. Gaskiya dai hanyar goro ta garuruwa da rafuka ce, jagaba ya santa da ƙafa. Abin da ake nema a sama shi ne lokaci, kamar fitowar Gamzaki da ke tada masu ɗaurin kaya. Amma madugun ayarin gishiri, mai ƙetare Tenere daga Agadas zuwa Bilma, yakan yi kwanaki ba gari balle rafi. Shi ya sa Buzaye suke kiran jerin taurarin da Larabawa ke ce wa Jauza'u da sunan Amanar, wato jagora.

Akwai wani abu da kowane mai gangarowa kudu zai lura da shi. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana kimanin digiri 12 sama da ƙasa a Kano, amma a Akara bai kai digiri 6 ba, har benaye da hazo sukan ɓoye shi. Tsayinsa kuwa awo ne na nisan da mutum ya yi.

Da irin wannan awo ne mutanen Folinesiya, mazauna tsibiran tekun Pasifik, suka yi tafiyar dubban kilomita cikin kwalekwale mai jiki biyu, ba taswira, ba na'ura. Matuƙi yakan haddace inda kowane tauraro yake fitowa da inda yake faɗuwa. In wannan ya yi sama, sai ya kama na bayansa, har gari ya waye. Da rana ya karanta kaɗawar igiyar ruwa da inda tsuntsaye suka nufa. Kowane tsibiri kuma da tauraron da ke wucewa ta tsakar kansa.

Wannan ilimi ya kusa ɓacewa ƙurmus. Sa'ad da mutanen Hawai suka ƙera jirginsu Hokule'a, wanda suka raɗa wa sunan tauraron da ke ratsa saman tsibirinsu, ba su sami ko mutum ɗaya a cikinsu da zai ja shi ba. Sai da aka ɗauko Mau Piailug daga ɗan tsibirin Satawal na Maikuronesiya, ya kai su Tahiti a 1976, tafiyar fiye da kilomita 4,000 cikin wata guda da 'yan kwanaki. A 1980 ɗalibinsa Nainoa Thompson ya ja jirgin da kansa, a 2015 kuma ya iso har Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Jirgin ya zama alamar farfaɗowarsu a waƙoƙi da zane-zane. Kazarmu ɗin nan ma, Maori na Niyu Zilan suna ce mata Matariki, fitowarta ce sabuwar shekararsu, kuma tun 2022 ake hutun ƙasa dominta.

Mu kuwa tauraronmu yana kan tutar Gana da rigar 'yan ƙwallo, amma na sama mun bar wa tsofaffi. Muka roƙi dattijon: "Baba, a ƙara mana." Ya fara ba mu labarin Zara matar wata ke nan, sai aka dawo da wuta, yara suka ruga kallon talabijin. Biyu kaɗai suka tsaya, ya ce su same shi gobe da asuba ya nuna musu sauran.