Gangunan Bature a Shagonmu

Mu 'yan gwanjo a nan Sabon Ibadan, babu abin da bai taɓa shigowa hannunmu ba, daga firji har keken ɗinki. Amma ganguna irin na 'yan bandi, sai bana muka ci karo da su. Wani tsohon makaɗin hailaif ne ya rasu, 'ya'yansa suka kawo mana saitin gaba ɗaya. Muka zuba kuɗi ba mu san me muka saya ba.

Sai muka kira wani maƙwabcinmu Bayarabe mai gyaran kayan kiɗa. Mu fata muke ta dubawa, kamar masu sayen kalangu. Ya yi dariya, ya ce, “Alhaji, fatar nan roba ce, kullum sauya ta ake yi. Kuɗin yana jikin katako.”

Ya cire fatar, ya auna faɗin bakin kowace ganga ta fuska biyu. In awon bai zo ɗaya ba, gangar ta karkace, ba za ta ɗauru daidai ba. Ya shafa bakin da yatsa yana neman ɓantarewa, ya leƙa ciki ko katakon ya fara rabuwa saboda danshi. Sannan ya duba tambari: Premier ce, ƙirar Ingila. Ya ce wasu tsofaffinta na kafin ƙarshen shekarun 1960 girmansu ya saɓa da na yanzu, samo musu fata aiki ne. Tamu ta tsira daga wannan.

Inda ba ta tsira ba, babbar gangar ce. Wani ya taɓa huda ta wuri uku ya ɗaura ƙarfen da ba nata ba, aka toshe aka rufe. Faranti ɗaya kuma ya tsage a gefe. Wannan kaɗai ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarta.

Da mai saye ya zo, bai lura ba. Yaron shagonmu ya ƙyafta mana ido. To, jama'a, mu da muke tsayawa gaban sahu muna cewa ɓoye aibin haja haramun ne? Muka juya gangar, muka nuna masa hujin da hannunmu.

Uwar kuɗi muka mayar da ƙyar, riba ko sisi. Bayan wata biyu sai ga shi ya dawo da mutum biyu masu neman janareta. Allah Ya sa mu dace, Ya tsare mu da cin haram.