Jarumin Wa Za Mu Zana?

A shekarar 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ke aiki a Jos, wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wajen haƙar kuza kusa da Jama'a. Kafin kan ya iso hannunsa, wani ma'aikacin wurin ya riga ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu yi masa ɓarna. Da Fagg ya duba, sai ya ga ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba tun 1928. Daga nan ne duniya ta san sunan Nok, ta kuma san cewa fiye da shekara 2000 da suka wuce akwai gwanaye a wannan yanki namu waɗanda suka iya fitar da ido da leɓe da kitso daga cikin laka, har mutum ya dubi fuskar ya ji kamar za ta yi magana.

Na kawo wannan tarihi ne domin tambayar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci. Ƙasar da ta san suranta fuskar ɗan Adam tun wancan zamani, me ya sa jarumawan da 'ya'yanta ke gani a takarda kusan dukkansu wasu ne suka zana musu? Abin da nake nufi a nan shi ne littattafan labarin zane, wato waɗanda ake ba da labari a cikinsu ta jerin hotuna, kowane hoto da akwatinsa, maganar kowane tauraro kuma tana cikin wani ɗan da'ira kusa da bakinsa. Na san wasu abokan aikina suna ɗaukarsu wasan yara. Ni kuwa a wajena adabi ne cikakke, don kuwa suna da jigo, suna da zubi da tsari, suna da salo, suna kuma da taurarin da mai karatu zai so ko ya ƙi.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun 1927 ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da wanda ya nufi Jos, sai garin ya tara Ibo da Yarabawa da Hausawa da Fulani a kan 'yan ƙasa. Jirgi bai tsaya ga ɗaukar citta da kuza da fasinja ba, har da jaridu da mujallu ya riƙa saukewa. Mu da muka taso lokacin da harkar jirgin ta fara ja da baya, a cikin akwatunan ƙarfe na kawunnanmu muka tarar da ragowar wannan arziki. A nan na fara ganin mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya fara bugawa a 1968, da tauraronta Lance Spearman mai malfa da kwat, wanda ba ya faɗuwa a dambe. A nan kuma na ga Powerman, wanda aka buga domin kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977. Baƙar fata ne, ƙaƙƙarfa, ba abin da ke kayar da shi sai saran maciji. To amma Turawan Ingila ne suka rubuta labarinsa, Dave Gibbons da Brian Bolland kuma suka zana shi. Fuskar tamu ce, alƙalamin na wasu. A zamaninmu kuwa Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fita a 1976, ita ce ta nuna mana cewa ɗan ƙasa ma yana iya zana nasa ya sayar, ko da yake ita barkwanci ta sa a gaba.

Wannan magana ta mai fuska da mai alƙalami ta daɗe a Amurka. A 1947 wani ɗan jarida baƙar fata na birnin Filadelfiya, Orrin C. Evans, ya tara masu zane 'yan'uwansa suka fitar da All-Negro Comics. Fitowa ɗaya ta yi ta mutu. Black Panther, wanda yaranmu suka sani ta fim ɗin 2018, ya fara bayyana ne a 1966 daga hannun Stan Lee da Jack Kirby, fararen fata, kuma mallakar kamfanin Marvel ne. Kai, ko fararen ma ba su tsira ba, domin samarin nan biyu da suka ƙago Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da shi a 1938 a kan dala 130, suka shafe shekaru suna shari'a alhali wasu na kwasar dukiya da shi. Sanin wannan ne ya sa a 1993 wasu baƙaƙen fata huɗu, Dwayne McDuffie da Denys Cowan da Michael Davis da Derek Dingle, suka fara fitar da littattafan kamfaninsu Milestone. Suka yi yarjejeniya da kamfanin DC ya buga ya rarraba, su kuma suka riƙe haƙƙin mallakar taurarinsu.

Abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne yadda suka gina tauraro. Ɗauki Static. Sunansa na yanka Virgil Hawkins, ɗan makarantar sakandare ne wanda wani ƙato ya addaba da cin zali. Wani aboki ya ba shi bindiga, ya tafi wurin da 'yan daba suka yi gangami da niyyar ramuwa. Da ya ga maƙiyin nasa, sai ya kasa harbi, ya fasa. Bayan wannan ne hayaƙin da aka watsa wa taron ya ba shi ikon sarrafa lantarki. Mai karatu zai lura da jerin abubuwan: yaron ya riga ya ci jarrabawarsa kafin ƙarfin ya zo. Ɗauki kuma Icon, halitta daga wata duniya, wanda ya faɗo gonar auduga a kudancin Amurka a 1839, wata baiwa ta tsince shi ta raine shi. Ya rayu fiye da shekara 150, ya zama lauya mai dukiya, yana ɓoye ƙarfinsa, yana yi wa talakawa wa'azin kowa ya taimaki kansa. Wata yarinya 'yar unguwar talakawa, Raquel Ervin, ita ce ta tsaya gabansa ta nuna masa cewa wanda ke iya tashi sama bai kamata ya yi wa masu tafiya a ƙasa gorin saurin tafiya ba. Muhawarar da ke tsakanin dattijon nan da yarinyar nan ita ce ƙashin bayan littafin, dambe da tashi sama duk ado ne.

Mu manazarta adabin Hausa wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Muna da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, sadaukin da ya yi yaƙi da mutane da aljanu. Muna da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fara rayuwa a gurgunce kafin ƙarfi ya zo masa. Muna da Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo da ta kai yaro sararin samaniya tun 1969. A tatsuniya kuma ga Gizo, maras ƙarfi, mai kwaɗayi, wanda wayonsa ke fid da shi yau, gobe ya jefa shi rami. Duk ɗalibin da ya yi nazarin waɗannan ya san cewa ƙarfi shi ne mafi arha cikin kayan ginin jarumi. Kowa na iya rubuta cewa tauraronsa ya ɗaga dutse. Gwaninta tana wajen nuna abin da yake tsoro, da wanda yake jin kunya, da abin da zai yi ranar da ya sami maƙiyinsa a kwance.

A nan ne maganar ta dawo gida, ta kuma yi nauyi. Mu 'yan kudancin Kaduna mun ga watan Maris na 1987, lokacin da rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Mun ga Zangon Kataf a 1992. Mun ga 2011 bayan zaɓe, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ci wuta. A kowane ɓangare akwai gidajen da aka yi rashi, a kowane gida kuma akwai labarin da ake ba yara da dare, wanda a cikinsa maƙwabci ne dodo. Labarin jarumi kuwa ba ya tafiya sai da mugu. Saboda haka duk wanda ya ɗauki fensir a wannan yanki zai zana jarumi, dole ya yanke shawarar irin hular da zai sa wa mugun, da irin sunan da zai raɗa masa. Yaro yana manta wa'azi, amma da wuya ya manta fuskar da aka nuna masa aka ce ita ce ta maƙiyi.

Bari in ba da misali. A 2017 Roye Okupe, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya ta ƙasar Azzaz, wadda ya gina bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Na karanta, na yaba, musamman yadda ya nuna ta tana fama da 'yan majalisarta kamar yadda take fama da abokan gaba. To amma dawakin Zazzau da ake yi wa kirari a Zariya, a bakin tsofaffin Atyap da Bajju da na tsaunin Kagoro labarin hari ne da kamun bayi da gudu kan dutse. Duka labaran biyu suna raye, wani lokaci ma a aji ɗaya nake ganin jikokinsu zaune a benci guda. Mai zanen da ya tashi a Legas ko Washinton ba zai ji wannan nauyi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya girma a Kafanchan, wanda ya ci tuwon Sallah a gidan abokinsa, abokin kuma ya ci shinkafar Kirsimeti a gidansu, shi ne zai iya zana mahayin dokin da mai kwari da bakan a shafi ɗaya, kowanne da uwarsa da tsoronsa da uzurinsa.

Akwai kuma wata gata da labarin zane ke da ita wadda rubutun zube ba ya da ita, wato ta harshe. A yankinmu Hausa ce harshen kasuwa da tasha, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a majami'u da yawa, alhali a gida ana jin Tyap da Jju da Hyam da Fulatanci da sauransu. A shafin zane, kaka tana iya yi wa jikanta faɗa da Jju, ya amsa wa abokinsa da Hausa, malami ya tsawata da Turanci, hoto kuma ya cike wa mai karatu abin da bai ji ba. Haka rayuwarmu take, ban kuwa ga wani nau'in adabi da zai kwafe ta cikin sauƙi kamar wannan ba.

Masu sana'ar a Nijeriya sun fara nisa. Ayodele Elegba ya fara taron masu littattafan zane na Legas a 2012. Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013 da tauraronsa Guardian Prime. Okupe ya fara da tallafin masu karatu ta intanet a 2015, a 2021 kamfanin Dark Horse ya ɗauki littattafansa. A 2024 kamfanin Disney ya nuna Iwájú, aikin haɗin guiwa da samarin Kugali. Sai dai mafi yawan wannan aiki da Turanci ake yinsa, Legas ce kuma cibiyarsa. Mu a Arewa muna da namu darasin. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da abokansu na ƙungiyar Raina Kama, ba su jira wani babban kamfani ba. Da kuɗinsu suka buga, suka kai kasuwa, matan aure da 'yan mata suka saya. Wasu manazarta suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano cikin raini, amma shi ya koya wa dubban mutane son karatu, daga cikinsa kuma finafinan Hausa suka sami labarai da marubuta. Bai kamata jami'a ta sake zuwa a makare ba.

Kowace shekara ina ganin ɗalibai masu baiwar zane. Nakan gane su ta gefen littafin rubutunsu, inda fuskoki ke leƙowa tsakanin bayanan darasi. Yadda muke yi da su kuwa abin dubawa ne. Idan ƙungiya za ta yi biki, su ake kira su zana allon sanarwa. A biya mai haya da kujeru, a biya mai lemo, shi kuma mai zane a ce masa Allah ya yi albarka. Idan ya yi ƙoƙari ya buga ɗan littafinsa, mutum ɗaya ne zai saya, sauran su ɗauki hotonsa da waya su watsa a WhatsApp, kowa na yabo. Yabo kuwa ba ya sayen takarda ko tawada.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ɗalibai, in ɗan'uwanku ya buga, ku sa hannu a aljihu ku saya, ko da kuɗin ƙosai ne za ku haɗa. Malamai 'yan'uwana, mu shigar da labarin zane cikin abin da muke nazari, mu yarda ɗalibi ya rubuta kundinsa a kai, mu kuma yi masa tarke na gaskiya kamar yadda muke yi wa waƙa da wasan kwaikwayo, domin yabon da ba gyara a cikinsa shi ma wani nau'in raini ne. Editocin wannan mujalla tamu, ku ware shafuka huɗu ko biyar a fitowa ta gaba domin labarin zane da Hausa. Ku kuma masu zanen, Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ku nemi sanin abin da ta ƙunsa, kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba, ku tuna da dala 130 ɗin nan. In kun zo zana jarumin naku, ku ba shi unguwa da dangi da bashin da ake binsa, ku sa shi ya bi ta tashar jirgin Kafanchan ko ya huta a gindin ruwan Matsirga. Sa'an nan, kafin ku zana fuskar mugun, ku dakata ku tambayi kanku ko ɗan wane gida ne zai buɗe littafin ya ga kamar mahaifinsa aka zana.