Lokacin da Ake Zuwa Makka a Ƙasa

Kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, wanda ya ɗaura niyyar sauke farali ba ya faɗa wa iyalinsa ranar da zai dawo. Ko shekarar ba ya iya yankewa. Abin da yake yi shi ne ya bi gida-gida yana neman gafara, ya biya bashin da ke kansa, ya tara 'yan'uwa gaban liman ya bar wasiyya. A cikin kayansa, tare da buzu da buta da gafakar Alƙur'ani, wani har da likkafaninsa a naɗe. Ranar tashi a raka shi bayan gari, a yi addu'a a shafa.

"Yaya, sai yaushe ke nan?"

"Sai yadda Allah ya yi. In da rabon ganawa, ma gana."

Hanyar sananniya ce: Borno, a haye zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a bi ta Abashe a ƙasar Wadai, a faɗa Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Al'ubayyid inda layin dogo ya iso wajen 1912. Daga nan sai bakin Bahar Maliya a Sawakin, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzurin gida kuwa yakan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba, sai mutum ya yada zango ya nemi na gaba. Wani wanzanci, wani ɗinkin hula, wani ga-ruwa, malami kuma ya kafa allo. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 gonakin auduga na Jazira suka buɗe, maniyyata da yawa a can suka yi ƙwadago shekara da shekaru suna tara kuɗin ƙetare teku. Wasu ba su ƙetare ba har abada. Jikokinsu na nan a Sudan, kamar zuriyar mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira: shi ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da sauran jama'a har gaɓar Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau.

Wanda yake ganin tawakkali naɗe hannu ne, bai san mutanen nan ba. Sukan tambayi madugu nisan rijiya da rijiya, su jira damina ta wuce, ba sa shiga daji sai cikin ayari. Duk abin da dabara za ta iya, sun yi. Abu guda suka cire hannunsu daga kai, wato sanin yadda za ta ƙare.

Ba kuma zan yi wa zamanin kwalliya ba. Ƙishirwa ta kashe, agana da sanƙarau sun kashe, 'yan fashi sun tare hanya. Akwai yaran da aka fita da su da sunan aikin hajji suka ƙare a hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Ni dai a ganina, nauyin da ya fi kowanne yana kan wadda aka bari a gida. Matafiyi ko ba komai yana ganin hanya, kullum yana rage ta. Ita kuwa tana tsakar gida ɗaya, da yara, da gonar da ƙanin miji ke nomawa in ya ga dama. Ba waya, wasiƙa sai an dace da mai dawowa. In aka ji wani alhaji ya sauka a garin da ke kusa, sai a aika yaro da goro a tambayo: ko ya ga wane? Amsar takan zo a dunƙule, "an ce an gan shi a Fashir shekara uku da ta wuce." Shi ke nan, da wannan za ta ƙara shekara. Malikiyya sun tanadi hukunci kan mijin da ya ɓace: matar ta kai ƙara gaban alƙali, in bincike bai gano shi ba ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wasu sun bi wannan hanya sun sake aure, kuma ba laifi suka yi ba. Wasu sun zauna har furfura. In aka tambayi irin wannan baiwar Allah labarin maigida, ba ta cewa yana raye, ba ta cewa ya rasu. "Yana hannun Allah," in ji ta, ta ci gaba da surfenta.

Yau daga Kano zuwa Jidda tafiyar wajen awa biyar ce. Akwai Hukumar Alhazai ta Ƙasa tun 2006, akwai biza da lambar kujera da ranar tashi a rubuce. Duk da haka, je ka sansanin alhazai ranar da aka ɗaga tashin jirgi da kwana ɗaya ka ga yadda rai ke ɓaci, kowa da waya a kunne yana neman wanda zai ba shi tabbas. Ban ga laifinsu ba, sun biya maƙudan kuɗi, kuma riƙon amana wajibi ne kan wanda ya karɓa. Sai dai takardar ta sa mun ɗauka ranar a hannunmu take.

A 2020 cutar korona ta zo, Saudiyya ta rufe ƙofa ga mahajjatan waje, ta sake rufewa a 2021. Mutane sun riga sun zuba kuɗi, sun yi sallama da dangi. Wasu suka karɓi abinsu, wasu suka ce a bar shi a ajiye. Da aka buɗe a 2022 sai aka ce ban da wanda ya haura shekara 65, tsofaffin da suka fi kowa daɗewa suna tari suka sake zama. Sai a 2023 aka ɗage wannan sharaɗi, waɗanda rai ya kai suka tafi.