Yadda na fasa sayen dogon babur a ƙasar ƙanƙara

A hunturuna na uku a birnin Sherbrooke, kudancin lardin Kebek na ƙasar Kanada, na ga cewa zaman ɗaki ya ishe ni. Daga Disamba har Maris dusar ƙanƙara ce ke sarauta a wannan yanki, kuma baƙo irina yakan cinye watannin tsakanin gida da wurin aiki, yana leƙen duniya ta taga kamar mai takaba. Su kuwa 'yan ƙasa ɗokin lokacin suke yi. Da Asabar ta zagayo sai ka ji ƙugi daga bayan gari, ka hango mutane sanye da hular kwano suna keta farin fili a kan wata na'ura da suke kira motoneige da Faransanci, wadda zan kira babur ɗin ƙanƙara.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ba shi da taya ko ɗaya. A gaba ƙafafu biyu ne dogaye masu sulɓi, waɗanda ake karkatawa da hannu kamar yadda ake juya kan babur. A baya, ƙarƙashin mazauni, akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin ƙafar katafila, wanda inji ke juyawa yana tura na'urar gaba. A kan tsawon wannan bel na kusa zubar da kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa.

Na ga tallar wani na hannu mai bel inci 154, da haƙora zaƙo-zaƙo, farashinsa kuma daidai aljihuna. Abin da ya ja ni, in faɗi gaskiya, hotuna ne na samari suna hawa tsaunukan Revelstoke a can yammacin Kanada, ƙanƙara tana tashi a bayansu kamar ƙurar dawakin sallah. Na kai tallar wa maƙwabcina, wani dattijo mai ritaya da ya tsufa a kan wannan abin hawa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ɗan samari, ina za ka da shi?" Na ce kan hanya mana, inda kowa ke zuwa. Bai yi mini musu ba. Cewa ya yi surukinsa yana da irinsa sak, zai aro mini, mu tafi Valcourt ranar Asabar in gwada kafin in biya.

Valcourt ƙaramin gari ne da bai kai mutum dubu uku ba, tafiyar ƙasa da awa guda a mota daga Sherbrooke, amma duk mai hawa wannan babur ya san sunansa. A nan aka haifi Joseph-Armand Bombardier a 1907, makaniki mai gareji wanda ya daɗe yana neman yadda mota za ta yi tafiya a kan ƙanƙara. A hunturun 1934 ɗansa ɗan shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, aka kasa kai shi asibiti har ya rasu. Bayan shekara uku, a 1937, uban ya sami rajistar fasaharsa ta bel da garmaho mai haƙora da ke juya shi, ya fitar da motar B7 mai ɗaukar mutum bakwai, wadda likitocin karkara na cikin masu sayenta na farko. Ƙaramin da mutum ɗaya ko biyu ke hawa, mai suna Ski-Doo, sai a 1959 ya fito. Tsohon garejin yana nan a harabar gidan tarihin da aka gina da sunansa. Na tsaya a ciki ina tunanin cewa abin da na zo yi wa kallon kayan wasa, makoki ne ya haife shi.

A bakin hanya, kafin mu tashi, dattijon ya ajiye babur ɗinsa kusa da wanda ya aro mini, ya karanta mini darasi. Lambar da ake faɗa, ya ce, tsawon zagayen bel ɗin ne gaba ɗaya, ba iya abin da ke taɓa ƙasa ba. Shekaru da yawa inci 121 ne gama-gari. Yanzu masu bin hanya sun fi karkata ga 129 da 137, masu son haɗa hanya da daji suna ɗaukar 144 ko 146, daga 154 zuwa 175 kuwa na masu hawa tsauni ne. Hikimar tsawon ba ta yi mini wuyar ganewa ba, domin ita ce hikimar ƙafar raƙumi: gwargwadon faɗin abin da ka taka da shi, gwargwadon yadda nauyinka zai bazu, ba za ka nutse ba. Direbobin Agadas da ke rage iskar taya kafin su shiga rairayi lissafin da suke yi ke nan.

Sai dai hanyar da ke gabanmu ba ta da abin nutsewa. Lardin Kebek yana da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara da suka kai kimanin kilomita 33,000, masu lambobi da alamomi kamar titin mota, kuma ƙungiyoyin 'yan sa-kai ne ke kula da su da kuɗin izinin da kowane mahayi ke biya. Da dare wata irin gireda takan bi ta baje ƙanƙarar ta danne ta, kafin gari ya waye ta daskare ta yi tauri kamar daɓe. A irin wannan hanya, faɗin ƙafar raƙumi kaya ne kawai.

Kwana ta farko ta fara nuna mini haka. Na karkata hannu hagu, babur ya ci gaba da tafiya miƙe kamar jakin da ya ƙi hanya. Dogon bel ya kama ƙasa da ƙarfi, yana tura ƙafafun gaba kai tsaye, sai na rage gudu sosai, na rataya jikina gefe, sannan ya yarda ya juya. Dattijon kuwa, a kan nasa mai inci 129, yana shiga kwana yana fita kamar mai zare allura. A cikin kurmin itatuwa, inda kwana ke bin kwana, kafaɗuna suka yi tsami tun kafin azahar.

Babbar matsalar da la'asar ta zo. A watan Janairu rana takan faɗi a nan tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sanyi kuma a ranar ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Muna kan wata miƙaƙƙiyar hanya mai tauri, ina gudu kusa da kilomita 70 a awa, iyakar abin da dokar lardin ta yarda, sai na ji warin roba mai ƙonewa, fitilar gargaɗi ta kama. Inji ya ɗauki zafi a tsakiyar ƙasar da numfashi ke daskarewa a gashin baki. Na tsaya, gabana yana faɗuwa, babu gida ko ɗaya a kusa, fitilar abokin tafiyata kuma ta riga ta ɓace a gaba.

Da ya ga ba na bayansa sai ya juyo. Bai ce uffan ba, ya shiga ɗibar dusar gefen hanya da hannu yana cusawa a ƙarƙashin babur ɗin. Daga baya ya yi mini bayani. Lagireton irin wannan inji a ƙarƙashin mazauni yake, saman bel, kuma dusar da bel ke watsawa ita ke sanyaya shi. Sandunan roba da bel ke zamewa a kansu su ma dusar ce man shafawarsu. Babur ɗin tsauni an yi shi ne don ya yi iyo a cikin dusa mai laushi, da haƙoran da suka kai inci biyu da rabi ko uku. A kan hanya mai tauri haƙoran suna ɗaga shi sama, dusa ba ta isa inda ake buƙatarta, sai inji ya yi zafi, roba ta fara narkewa. Ashe akwai wasu ƙarafa biyu a gefe da ake saukewa su riƙa kankare ƙasa suna watsa ƙanƙara ciki, ni ban ma san da su ba. Laifin ba na tsawon kaɗai ba ne, amma tsawon ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da dogayen haƙora da ƙirar da ba a yi don hanya ba.

A wani ɗakin shan ɗumi na mahaya, muna riƙe da kofin shayi, na yi ƙoƙarin kare burina. Na ce ai wata rana zan so in sauka daga hanya in shiga fili. Ya tambaye ni filin wa. Yawancin hanyoyin wannan yanki ta gonakin mutane suka ratsa, da izinin masu su, kuma duk lokacin da wani ya bar alama ya tattake shuka ko ƙananan itatuwa da ke ƙarƙashin dusa, manomi yana iya janye izininsa, hanya ta yanke wa kowa. In dusa mai zurfi nake so, sai in nufi Monts-Valin a arewa, tafiyar awoyi da tirela. Sau nawa zan yi wannan a shekara? Na lissafa hutuna da aljihuna, na ce wataƙila sau ɗaya. Na tuna manyan jif-jif da ke cika titunan Abuja, waɗanda tayarsu ba ta taɓa taka laka ba, na ji kunya ta kama ni.

Saura zaɓi tsakanin 129 da 137, kuma a nan ban bi shi ba. Shi ya fi son gajeren, don sauƙin nauyi da saurin juyawa. Ni kuwa na lura da abin da ke faruwa da hanya bayan ɗaruruwan mahaya sun bi ta: kafin yamma ta cika da gargada, tudu bayan tudu. Gajeren bel yakan faɗa cikin kowane rami, mai ɗan tsawo kuwa yakan haye daga tudu zuwa tudu, ya rage wa ƙugu azaba. Ni mutum ne mai jiki, ga matsalar baya, kuma uwargida ta riga ta ce ba za a bar ta a gida ba. Inci takwas ɗin nan na bambanci sun rage mini kaɗan a kwana, sun ƙara mini da yawa a gargada.

Bayan mako biyu na sayi wani na hannu mai inci 137, haƙoransa inci ɗaya da kwata, da mazaunin mutum biyu. A ƙarshen Fabrairu aka kwana ana zuba dusa, na fita da sassafe kafin gireda ta bi, na kauce wa wani mai tahowa, gefen hanya ya haɗiye ni har mazauni. Mai inci 154 da ya wuce wurin ko a jikinsa. Na yi kusan rabin awa ina tono da shebur, gumi yana daskarewa a wuyana, kafin wasu mahaya biyu su tsaya su kama mini ƙafafun gaba mu ja shi waje. Tun daga ranar shebur ɗin yake ɗaure a bayan mazauni.