Shekarar da ke jikin leda

Wani akanta a birnin Portland na jihar Oregon, arewa maso yammacin Amurka, ya shekara shida yana dafa giyarsa da hannunsa a garejin gidansa kafin wata tukunya ta kunyata shi. A can wannan aiki sha'awa ce ta ƙarshen mako, kamar kiwon tattabaru, kuma doka ta yarje shi tun 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ba baligi damar dafa galan 100 a shekara don amfanin gidansa. Tukunyar da ake magana lita 19 ce, ya tanade ta don walimar auren ƙaninsa. Bayan mako biyar na jira ya buɗe kwalbar farko yana sa ran ƙamshin mangwaro, sai ya ji warin tsohon cuku. Sha'ir ɗinsa lafiya lau, yis ɗinsa ma haka. Hof ne ya ba shi kunya.

Hof furen wata shuka ce mai yaɗo da ake ɗora wa igiya ta hau sama har mita biyar zuwa shida. Danginsu ɗaya da tabar wiwi a wajen masana tsirrai, ko da yake ba ya bugarwa. Macen shukar kaɗai ake nomawa, domin a cikin furenta ne ake samun wani gari rawaya mai danƙo wanda ya ƙunshi abu biyu: sinadarin alfa asid mai ba da ɗaci, da wasu mayuka masu ba da ƙamshi. Shukar tana son dogon yini na lokacin zafin ƙasashen sanyi, shi ya sa gonakinta suka tattaru a Hallertau ta Jamus, da Žatec ta ƙasar Cek, da kwarin Yakima na jihar Washinton, wanda ke fitar da mafi yawan hof ɗin Amurka. Burukutu da fito ba su san shi ba.

Abin da ya ruɗi akantan suna ne. Shekaru da dama irin da ake kira Cascade, wanda aka fitar a 1972 daga shirin binciken gwamnati a Jami'ar Jihar Oregon, shi ne gwarzon masu dafawa a gida. Daga baya kamfanoni masu zaman kansu suka shiga haɗa iri, aka samu Citra mai ƙamshin mangwaro da lemun tsami, wanda aka haɗa tun 1990 amma bai shiga kasuwa ba sai bayan fiye da shekara 15 ana gwaji. Mosaic ya biyo baya a 2012, ga Galaxy daga Ostareliya, ga Nelson Sauvin daga Niyu Zilan. Waɗannan sababbin mallakar masu su ne: mutum zai iya sayen saiwar Cascade ya dasa a bayan gida, amma Citra sai gonar da aka ba lasisi. Don haka suna da tsada, wani lokaci ma su yanke a kasuwa. Da ya ga fam guda na Citra, wato giram 454, an karya farashinsa a wani shago cikin Disamba, bai tsaya tambaya ba. Ledar fara ce da ake hango abin da ke ciki, a ajiye take a kan kanta cikin ɗumin shago, kuma babu shekarar girbi a jikinta. Ya kai gida ya jefa ta a kabad ɗin da ke saman murhu, tana can har Yuli.

Duk wanda ya taɓa ajiye dakakken yaji a buɗaɗɗen gwangwani ya san abin da ya faru, ko da bai taɓa kusantar giya ba. Iska da zafi da haske ne ke cin hof. Oksijin yana farfasa alfa asid, ɗacin ya ragu, kuma cikin abin da farfashewar ke haifarwa akwai asid ɗin da ke ba tsohon cuku da safar da aka daɗe ba a wanke ba warinsu. Mayukan ƙamshi kuwa sun fi saurin gudu, ga shi su ne dalilin da ake biyan kuɗi mai yawa a kan sabon iri. Manoma suna auna juriyar kowane iri ta hanyar barin sa wata shida a ma'aunin zafi 20, sannan a duba abin da ya rage. Cascade yakan yi asarar kusan rabin ɗacinsa a wannan gwaji. Abin mamaki, masu dafa giyar lambik a Beljiyam da gangan suke tsufar da hof ɗinsu shekaru, domin ƙarfinsa na hana ruɓa suke nema, ɗaci da ƙamshi ba su dame su ba. Shi kuwa akantan ƙamshin ya saya, kuma shi ne ya fara tafiya.

Bayan walimar, wadda aka yi da giyar kanti, ya sauya yadda yake ciniki. Yanzu abu na farko da yake dubawa shi ne shekarar girbi. A arewacin duniya ana girbi daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a Ostareliya da Niyu Zilan kuwa wajen Maris, saboda haka ragin farashin da ake yi dab da sabon girbi yawanci share rumbu ne. Hof ɗin bara ba laifi ba ne idan an adana shi da kyau, amma mai sayarwa ya faɗa. Na biyu, yana duba yawan alfa asid da aka rubuta wa wannan girbin takamaimai, domin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara da gona zuwa gona. Saaz na Žatec yakan tsaya wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, Citra kuwa ya haura 11, wanda ke nufin cewa giram 28 na wannan zai yi ɗacin ninki uku na wancan. Na uku, leda: mai ƙyalli wadda haske ba ya ratsawa, an zuƙe iskarta ko an cika ta da naitirojin, kuma daga firji aka ɗauko ta. Ya daina sayen busasshen fure, ya koma wanda aka niƙa aka cura ƙanana kamar abincin kaji, saboda ya fi jure ajiya kuma ba ya cin wuri.

A gida ya sayi ɗan injin zuƙe iska. Idan ya buɗe babbar leda, nan take yake raba ta kashi-kashi daidai abin da tukunya ɗaya za ta ci, ya liƙe, ya rubuta suna da shekara da ranar buɗewa, ya sa a firiza. A haka hof yakan kai shekara biyu ko uku bai yi wani canji ba. Matarsa ta yi ƙorafin wurin ajiye nama, har sai da ya sayi ƙaramar firiza ta biyu.

Inda ya fi jin daɗi shi ne gwajin irin da bai sani ba. Bayanin da kamfanoni ke rubutawa, su ce kwakwa ko abarba, talla ce da ke da ƙamshin gaskiya, amma hanci ya bambanta, kuma irin da ya burge wani yakan yi wa wani warin albasa. Saboda haka yakan sayi giram 56 kacal, ya murtsuke kaɗan a tafin hannu har ya yi ɗumi, ya shaƙa. Sannan ya dafa ƙaramar tukunya da sha'ir iri ɗaya da hof iri ɗaya, yadda babu abin da zai ɓoye halinsa. Kaɗan yake zubawa a farkon tafasa ta awa guda don ɗaci, sauran ya bari sai an kusa sauke tukunya, ko ma bayan ta fara tsima, domin doguwar tafasa tana korar ƙamshi.

A kakar da ta wuce ya sayi wani iri da ko suna ba a raɗa masa ba, lamba ce kawai a jikinsa, kamar yadda Citra ya yi shekaru ana kiran sa HBC 394. Yawancin irin waɗannan ba sa kai wa ga samun suna. Idan manyan masu dafawa ba su nuna sha'awa ba, sai a tuge su daga gona. Ya dafa rabi, ya ji ya yi masa, ya koma shagon neman ƙari aka ce ya ƙare, kuma ba su da tabbacin za a sake kawowa. Sauran giram 28 ɗin yana firiza, da kwanan wata a jikinsa.