Alamar da Ban Duba Ba

 Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma labarin wasan waya na zo da shi. Na san akwai manya a cikinmu da za su taɓe baki da jin haka. Ina roƙon su daure su karanta zuwa ƙarshe, domin a kan wannan wasan na rasa wani yaro da har yau nake jin kunyar haɗa ido da shi.

A Dakata na tashi. Na fara buga PUBG Mobile a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona. Makaranta a rufe, kasuwa a rufe, zaman gida ya ishi kowa. Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake: ana ɗibar mutum 100 a jirgin sama a bi da su ta saman wani tsibiri, wanda aka fi sani shi ne Erangel, kowa ya diro da lema hannu rabbana. Sai ka shiga gidaje ka tsinci bindiga da harsashi da sulke da magani. Filin kuma yana ta tsukewa, domin akwai wata shuɗiyar da'ira da ke matsowa lokaci bayan lokaci, duk wanda ta bari a waje jininsa zai yi ta raguwa har ya mutu. Ana shiga ɗai-ɗai, ko bibbiyu, ko hurhuɗu. Rukunin da ya rage a ƙarshe shi ya yi nasara, abin da 'yan wasa ke kira cin kaza. Asalin wasan daga Koriya ta Kudu yake, kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya fito da na waya a 2018.

Wasan bai raba wa kowa aiki ba, 'yan rukuni ne ke rabawa a tsakaninsu. Mu huɗu ne, kuma da laƙabi zan kira su. Ni ne jagora: ni ke cewa ga inda za a dira, ga lokacin tashi, ga faɗan da za a shiga da wanda za a kauce wa. Dogo, wanda ke aiki a wata masana'antar fata a Challawa, shi ne maharbin nesa. Ba shi Kar98k da madubi ka bar shi a kan tudu. Wuta ɗan adaidaita sahu ne, kuma yadda yake tuƙi haka yake wasa, shi ke fara kutsa kai cikin gida. Na huɗunmu shi ne Malam Shiru, ƙanin wani abokinmu, mai koyon gyaran waya a Farm Centre. Shi ke ɗaukar gurnetin hayaƙi da magani, shi ke tuƙa mota, shi ke tsaron bayanmu. In aka kayar da ɗayanmu yana rarrafe, shi zai jefa hayaƙi ya durƙusa a kansa na daƙiƙa goma har ya tashe shi, alhali harsashi na wucewa ta kansa.

A nan rashin adalcin yake farawa. In an gama wasa aka fito da allon sakamako, abin da ido ke fara sauka a kai shi ne adadin mutanen da kowa ya kashe. Wuta bakwai, Dogo biyar, ni uku, Shiru ɗaya ko babu. Ba wanda ke tuna cewa a cikin bakwai ɗin nan na Wuta, huɗu ya same su ne bayan Shiru ya tashe shi daga ƙasa. Aikin mai tsaron baya kamar na mai share masallaci ne: ranar da ya yi ba a gani, ranar da bai yi ba kowa ya ga ƙura. Don haka in mun ci, Wuta ne gwarzo. In an cinye mu, tambaya ɗaya ce: "Ina Shiru yake?"

Shiru yana da i'ina. Duk mun sani. Shi ya sa yawanci maik ɗinsa a kashe yake, sai dai ya dasa alama a taswira, ko ya rubuta gajeren saƙo a gefen allo. A wasan da ake magana cikin gaggawa, "mutum biyu a 75, bayan dutse", wato ana kiran lambar da ke jikin ma'aunin alƙibla a saman allo, wanda harshensa ke sarƙewa ya shiga uku. Amma idonsa ya fi na kowa a cikinmu. Mutumin da ke wuni yana kallon ƙananan layukan cikin waya da madubi, motsin ciyawa ba ya wuce shi.

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani a gari, samarin unguwanninmu suka haɗa 'yar gasa: Dakata, Kawaji, Sauna, Yankaba. Rukuni 16, kowane ya tura naira 4,000, na ɗaya zai ɗauki 40,000. A lokacin da mutum ke wuni a layin banki don ya samu dubu biyar, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mun kai zagayen ƙarshe muna na biyu a maki.

Sai da'irar ta karkata kudu, ta faɗa kan ƙaramin tsibirin da barikin soja yake. Duk wanda ya san Erangel ya san gada biyu ce ke kai mutum can, kuma ya san a kan gadojin nan ake kwanton ɓauna. In ba gada ba, sai jirgin ruwa ko iyo. Lokaci ya ƙure mana, shuɗin yana bayanmu. Na ce, "Shiru, gadar yamma, taka mota!" Muna isa bakin gadar sai ya taka birki. Na daka masa tsawa. Ya buɗe maik, abin da ba ya yi, na ji yana cewa, "Ya-ya-yaya, a-a-a..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Dalla malam tafi, ba mu da lokacin wannan!" Ya tafi. Ba mu kai tsakiyar gada ba aka buɗe mana wuta daga bayan wasu matattun motoci. Motarmu ta kama da wuta, mu huɗu muka ƙare a wuri ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Raina a ɓace na shiga zauren WhatsApp na gasar, mai mutum sama da sittin, na danna na ɗauki murya. Na ce direbanmu ne ya kashe mu, ya tsaya a bakin gada har aka saita mu. Sannan na kwaikwayi i'inarsa. Na ja ta, na ƙara mata gishiri. Aka yi ta turo hotunan dariya. Kafin asuba Shiru ya fice daga zauren, bai ce wa kowa uffan ba.

Bayan kwana biyu Dogo ya turo mini bidiyo, ashe yana naɗar allonsa a daren. Ya ce, "Kalli taswira daga inda mota ta tsaya." Na kalla. Ga alamar Shiru nan daram a kan matattun motocin. A gefen allo kuma ga rubutunsa: "mutum 4 a gada, mu bi ruwa." Saƙon ya fito tun kafin ya taka birki. Ni kuwa idona na kan agogon da'ira, kunnena na kan muryata. Ya gani, ya nuna, ya rubuta, har ya yi abin da ya fi masa wuya a duniya, ya buɗe baki a gaban mutane. Da na ƙi ji, ya bi umarnin jagora ya kai mu inda ya san za a kashe mu.

Kun san abin da na ce wa Dogo? Na ce, "Ai da sai ya yi magana sosai. Wa yake da lokacin karatu ana tsakiyar faɗa?" Hausawa sun yi gaskiya, laifi tudu ne. Na taka nawa na tsaya a kai har mako uku.

Abin da ya sauko da ni a wurin aiki ya faru. Bayan na gama difuloma a fannin injiniyan inji, na samu aiki a wata masana'antar roba a Bompai, inda ake buga bokitai da butoci. Injin yana narkar da ƙwayar roba ya tura ta cikin ma'auni, ruwan sanyi na zagaya ma'aunin don robar ta daskare kafin a buɗe. Wani dare ina aikin kwana na lura famfon ruwan sanyin inji ɗaya yana ja da baya. Na tsayar da injin, na rubuta a littafin miƙa aiki cewa kada a tashe shi sai an duba famfo, har na ja layi biyu a ƙasa. Da safe na sa hannu na tafi gida. Mai kula da aikin safe bai buɗe littafin ba. Ya ga inji a tsaye, oda na jira, ya sa aka tashe shi. Kafin a farga an tara tulin bokitai masu karkataccen baki, duk sai an mayar da su injin niƙa.

Da yamma aka kira ni gaban ma'aikata. Na ce na rubuta, ga littafi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Kai da difulomarka ba ka da baki ne? Wa yake da lokacin karatu ana tsakiyar aiki?" Aka yi dariya. Aka yanke mini albashi.

Wallahi ba yankan albashin ne ya hana ni barci ba. Maganata ce aka dawo mini da ita, kusan kalma da kalma, kuma na ɗanɗana yadda take a kunnen wanda ya yi iya yinsa. Na gane cewa a masana'anta da a wasa tafiyar laifi ɗaya ce: gangarowa yake yi daga mai ƙarfin murya zuwa wanda ba zai iya ramawa ba. Na kuma gane cewa mai ba da umarni aiki biyu ne a kansa, faɗa da saurare, kuma ni rabin aikin nake yi ina karɓar cikakken girma.

Ranar Asabar na hau adaidaita zuwa Farm Centre. Na same shi sunkuye a kan wata waya da ya buɗe, hayaƙin dalma na tashi. Yana ganina ya miƙe ya ce, "Yaya, sannu da zuwa," ya jawo mini benci, ya aika a sayo mini ruwa. Wannan tarbar ta fi mari zafi. Na ce, "Ƙanina, na ga bidiyon. Kai ne da gaskiya, ni na kashe mu. Abin da na yi a zaure kuma ba halin mutanen kirki ba ne. Don Allah ka yafe mini."

Ya daɗe yana juya abin kama ƙananan sukurori a hannunsa. Sannan ya fara magana, harshen yana sarƙewa, yana tsayawa yana sake ɗauka. Na yi shiru na jira. A shekara uku da muka yi tare, ranar ce ta farko da na bari ya kai ƙarshen zancensa. Abin da ya ce shi ne: "Yaya, ni na yafe tun a daren. Amma muryar ta je wayar ƙanwata. A islamiyyarsu aka kunna mata."

Ban sami abin cewa ba. Magana zarar bunu ce. Na sake ɗaukar wata muryar na ba shi haƙuri a gaban mutum sittin ɗin nan, na tura bidiyon Dogo. Mutum biyar ne suka tanka. Ta dariyar kuwa Allah kaɗai ya san wayoyi nawa ta shiga.

Na roƙe shi ya dawo. Ya yi murmushi ya ce ya samu wasu yara a kasuwar da suke bugawa tare, kuma sun saba da alamominsa. Bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan uwa, ni ɗan ƙungiyar marubuta ne, ina zama a taro ina gyara wa mutane jimla, ina alfahari da cewa na san nauyin kalma. Ga abin da na yi da ita a daren da aka taɓa mini naira dubu goma, rabona a kuɗin gasa. Tun daga nan muka kafa doka ni da Dogo da Wuta: in an cinye mu ba mai magana sai an kalli bidiyo, kuma tambayar farko ita ce "me ka gani?", jagora kuma shi ke fara faɗin nasa kuskuren. Dokar ta rage mana faɗa ƙwarai, sai dai ta zo a makare.

Har yau ba mu cike gurbin na huɗu ba. Mukan bar wasan ya haɗa mu da duk wanda ya ga dama, sau da yawa Balarabe ko Baturke, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Da alama kawai muke magana da shi, kuma yanzu ba alamar da ke wuce ni. Wani lokaci cikin dare nakan ga sunan Shiru a jerin abokai, yana cikin wasa da sabbin mutanensa. Nakan kai yatsa kan maɓallin gayyata, sai in janye.

Allah ya ba mu ikon jiran mutum ya gama maganarsa.